Kek ɗin gahawa mai kirfa a kicin ɗin Kano: gashi uku da suka ƙi kafin na huɗu

Ƙanwata ta kira ni wata Asabar cikin watan Afrilu, muryarta kamar ta wadda aka yanke wa jaka a kasuwa. Ta ce, "Yaya, don Allah ki zo ki gani da idonki, ni dai na rasa inda na kuskure." Sau biyu ke nan tana gasa kek iri ɗaya yana ƙi. Abin da ya fi ci mata rai shi ne, a wannan kicin ɗin nata, cikin wannan oben ɗin, aka gasa shi wata huɗu da suka wuce ya fito lafiya lau, har maƙwabta suka aiko a ba su ɗanɗano. Ni na fi shekara goma ina gasa kek na biki da na suna a gida, shi ya sa duk wadda kwaɓi ya ƙi wa a danginmu ni take nema. Na je, muka bi sawun abin ɗaya bayan ɗaya.

Abin da ake son gasawa

Matar yayanmu, wadda ke zaune a Sinsinati ta jihar Ohayo a Amurka, ita ta kawo mana shi da suka zo hutu a Disamba. Can suna ce masa kek ɗin gahawa. Na zaɓi in ce gahawa ne domin in aka ce "kek ɗin kofi" mai ji zai ɗauka ƙananan nan ne da ake gasawa cikin kofin takarda. Sannan babu ko ɗigon gahawa a cikinsa. Sunan abokin tafiyarsa aka laƙaba masa, kamar yadda cokalin shayi ba da shayi aka ƙera shi ba. A Ingila ne in an faɗi wannan suna za ka sami gahawar cikin kwaɓin.

Tushensa Jamus. Jamusawa suna da al'adar zama da la'asar a sha gahawa a ci kek, kuma cikin abin da suke ci akwai kwaɓin yis da ake shimfiɗawa a faranti, a barbaɗa masa ɓarɓashin fulawa da sukari da man shanu. Sunan ɓarɓashin, Streusel, daga kalmarsu ta barbaɗawa ya fito. Waɗanda suka yi ƙaura zuwa Amurka a ƙarni na 19, suka cika garuruwa irin su Sinsinati da Milwoki da Sent Luwis, sun tafi da shi. A can aka sauke yis aka ɗauki bekin foda, wanda mu mata muke ce wa baƙar hoda alhali fari ne fes. Wani masanin haɗa magunguna a Bamingham, Alfred Bird, shi ya fara haɗa shi a 1843 saboda yis ba ya karɓar matarsa. Da aka daina jiran kwaɓi ya tashi, sai kek ɗin ya zama abin da za a iya kwaɓawa da safe a ci a karin kumallo.

Hawa uku gare shi: kek mai laushi da danshi a ƙasa, siririn layin kirfa da jan sukari a tsakiya, sai ɓarɓashi mai ƙurus-ƙurus a sama. Ba a yi masa kwalliyar sukari irin ta kek ɗin biki. Duk darajarsa tana cikin bambancin nan tsakanin laushin ƙasa da ɓarɓashin sama, kuma shi ne ya ɓace wa ƙanwata.

Abin da takardar ta ce

Kafin ta koma, Anti, wato matar yayan namu, ta bar wa ƙanwata takarda da hannunta. Na kwaɓi: fulawa kofi 2, sukari kofi 1, bota sanda 1, ƙwai 2, tsamammen kirim kofi 1, bekin foda cokalin shayi 1, bekin soda rabin cokali, gishiri rabin cokali, banila cokali 1. Na ɓarɓashi: fulawa da jan sukari kowanne kashi uku cikin huɗu na kofi, bota mai sanyi babban cokali 6, kirfa cokalin shayi 2. Na tsakiya: jan sukari kwatan kofi da kirfa cokali 1. A gasa a digiri 350 na minti 40 zuwa 45.

Babu ƙarya ko ɗaya a takardar nan. Illarta ita ce abin da ba ta faɗa ba, domin a wurin wadda ta rubuta ta bai kai a faɗa ba. Kofi nata kofin awo ne na Amurka, kusan mililita 240. Sandar bota giram 113 ce. Digiri 350 a ma'aunin Farenhait ne, wato wajen 175 zuwa 180 a namu. Kuma a Disamba da ta gasa shi, kofunan awonta da jan sukarinta a jakarta ta zo da su, botar gaske ta saya, kwanon gashina mai kusurwa huɗu aka ara, sannan hunturu ya kama gari har ana neman ruwan zafi na alwala.

Gashi na farko da na biyu

Na farko ta yi shi da hantsi. Ta auna komai da gwangwanin madara, yadda duk muka saba. Ta raba ledar majarin mai giram 250 biyu ta ɗauki rabi. Maimakon tsamammen kirim ta sa nonon da ta saya a ƙofar gida. Ba ta da soda, sai ta ninka baƙar hoda. Ta fara haɗa ɓarɓashin ta ajiye a kan teburi, ta koma kan kwaɓi. Ta juye a kwanonta mai zagaye. Kek ya tashi da sauri har ta yi murna, bayan minti 25 tsakiyar ta rufta, ɓarɓashin ya narke ya nutse, gindin ya ƙone, cikin kuma ɗanye kamar kunu. Kirfa ma ba a ji ƙamshinta sosai ba.

A na biyu ta yi abin da kusan kowa ke yi in girki ya ɓaci: ta sauya abu biyar lokaci guda. Ta ƙara fulawa da ƙiyasin ido. Ta kunna injin bugu ta yi ta bugawa bayan fulawar ta shiga, wai har sai ya yi sumul. Ta zargi nonon, ta maye shi da madarar gari da ta dama. Ta samo soda, ta zuba cikakken cokali. Ta sayo sandunan kirfa ta aika yaro ya kai inji. Wannan karon bai rufta ba, amma ya fito da tauri, da dogayen ramuka a ciki irin na burodi, launinsa ya yi duhu, yana ɗanɗanon sabulu, ga wani yaji-yaji da ke bin maƙogwaro. Saman kuma ya narke ya daskare fale guda kamar alewa. Shi na tarar a kan teburi an rufe da faifai.

Awo

Na zo da sikelina na kicin, kuma abin da na fara yi ke nan: na ce ta cika gwangwanin da fulawa yadda ta yi ranar farko. Gwangwani biyu suka ba da giram 170. Kofi 2 na Amurka kuwa giram 250 ne ko kusa da haka. Gwangwanin madara bai wuce kashi biyu cikin uku na kofin ba.

Za a iya cewa ai da shi ta auna komai, to sai kek ɗin ya ƙanƙance kawai. Da haka ne da babu matsala. Amma ƙwai ba a auna shi da gwangwani, bota ma haka, hodar tashi ma da cokali ta shiga. Ke nan fulawa da sukari sun ragu da kashi ɗaya cikin uku, ƙwai da mai da hoda suna nan cif, hodar ma ninki biyu, kuma da cokalin gida mai tozo. Fulawa ita ce ginshiƙin kek. An rage ginshiƙi, an ƙara iskar da za ta ɗaga rufi, dole ginin ya zauna.

Kwanon ma ya sa hannu. Nawa mai kusurwa huɗu santimita 23 ne kowane gefe, faɗin cikinsa murabba'in santimita 529. Nata mai zagaye santimita 20 ne, wato 314. Kwaɓin ya taru ya yi zurfi, zafi bai kai tsakiya ba gefe da gindi suka ƙone.

Nono, kindirmo da soda

Tsamammen kirim na Turawa abu ne mai kauri da cokali ke tsayawa a ciki, kusan kashi 18 zuwa 20 cikin 100 nasa mai ne. Aiki uku yake yi: kaurinsa yana riƙe kwaɓi ya iya ɗaukar nauyin ɓarɓashi, mansa yana kawo laushi, tsaminsa kuma shi ke tayar da soda. Nonon da ake tallansa an riga an kaɗe mansa, sau da yawa an ƙara masa ruwa. Tsami yana da shi, amma babu kauri babu mai. Shi ya sa kwaɓin farko ya yi ruwa, abin da aka ɗora masa ya nutse.

A na biyu kuskuren ya juya. Soda ba ta aiki sai ta haɗu da tsami. 'Yar uwar kanwa ce, kuma duk wadda ta taɓa zarce kanwa a miyar kuɓewa ta san ɗanɗanon. Da ƙanwata ta cire nono ta sa madara, ta cire tsamin gaba ɗaya, sannan ta ninka sodar. Ba abin da zai cinye ta, sai ta zauna cikin kek ɗin da sabulu-sabulunta, ta kuma duhunta shi. Baƙar hoda ta bambanta domin ita da nata tsamin aka haɗa ta, amma ƙarfin soda ya ninka nata sau uku zuwa huɗu, ba a musanya su cokali da cokali.

Abin da ya fi kusa da tsamammen kirim a wurinmu kindirmo ne, tunda da mansa ake barin sa ya kwana. Muka sayi mai kyau, muka zuba a ƙyallen tatar koko mai tsabta, muka rataye awa biyu ruwan ya tsane. Abin da ya rage ya yi kauri har yana manne wa cokali. Giram 240 muka ɗiba.

Batun tauri kuwa ba shi da wuyar ganewa. Fulawar da ake aunawa a kasuwa daga buhu galibi ta masu burodi ce, mai yauƙi da yawa, kuma gwargwadon bugu bayan ta jiƙe gwargwadon ƙarfin yauƙin. Ramukan nan dogaye shaidar bugu ne. Muka cire giram 30 daga fulawar muka maye da farin garin masara na kanti, muka kuma ajiye inji da zarar fulawa za ta shiga. Da muciya ake juyawa, da an daina ganin gari a tsaya, ko da 'yan gudaji sun rage.

Kirfa

Yaji-yajin nan bai ba ni wahala ba. Na shinshina ragowar garin, na ji citta da barkono. Injin unguwa ne, kuma kafin yaron ya zo wata ta niƙa yajin jego ko na tsire. Garin farko kuwa ya fi shekara a kwalba a kusa da murhu. Ƙamshin kirfa mai ne da ke cikin ɓawon, da an niƙa yake fara gudu, zafi kuma yana ƙara masa sauri. Muka farfasa sanduna a turmin da ba a daka yaji a ciki, muka zuba cokali biyu na sukari don ya taimaka wajen ci, muka daka muka tankaɗe sau biyu.

A nan zan ɗan tsaya, domin abin da muke kira kirfa (sunan daga Larabci muka aro shi) ba iri ɗaya ba ne. Akwai ta Siri Lanka, wadda Turawan Fotugal da na Holan da na Ingila suka yi ta karɓe tsibirin daga hannun juna a kanta. Ita ɓawonta siriri ne, an naɗe shi fale-fale da yawa kamar taba sigari, yana murƙushewa da yatsa, launinsa bai yi duhu ba, ƙamshinsa a hankali yake zuwa. Akwai kuma wadda ake kawowa daga Sin da Indunusiya da Biyetnam, ɓawo ɗaya mai kauri da tauri, ja sosai, mai ƙarfin ƙamshi da ɗan zafi a harshe. Wannan ta biyu ita ta fi yawa a hannun masu kayan ƙamshi a kasuwanninmu, ita muke jefawa a shayi, kuma ita ce ta fi yawa a kantunan Amurka. Ke nan a wannan wuri ɗaya sa'a ta zo mana: kirfar da takardar ke nufi ita ce a hannunmu. A ganina ma ita ta fi dacewa da wannan kek, don ta Siri Lanka jan sukari yana danne ta.

Sai dai mai kaurin tana ɗauke da wani sinadari, kumarin, wanda yawansa kullum ke iya taɓa hanta. Hukumar kula da lafiyar abinci ta Tarayyar Turai ta sa iyakarsa a miligiram 0.1 ga kowane kilo na nauyin mutum a rana, kuma hukumar Jamus mai auna haɗarin abinci ta lissafa cewa mai kilo 60 zai kai wannan iyaka da kusan giram 2 na irin wannan kirfa a kullum. Kek ɗinmu duka cokalin shayi 3 ne, wajen giram 8, a yanka shi gida 12. Yanka ɗaya bai kai giram ɗaya ba. Ga babba ba abin damuwa ba ne. Ƙaramin yaro dai kada a mayar masa da shi abincin kowace safiya. Na faɗi haka ne saboda ƙanwata ta so ta ninka kirfar, tana ganin ƙarancinta ne ya hana ƙamshi, alhali tsufa ne.

Jan sukari na kanti farin sukari ne da aka mayar wa ɗan baƙin ruwan rake, ga tsada. Mazarƙwaila, irin wadda ake dafawa a yankin Makarfi da Zariya, ruwan raken ne gaba ɗaya aka ƙafe, ƙamshinta ma ya fi. Muka goge ta a magogi, muka tsince tsakuwa da ɓawon rake. Ta fi jan sukari danshi da saurin malala a wuta, don haka rabi da rabi muka yi da farin sukari, a layin tsakiya kuma muka ƙara cokali ɗaya na fulawa don ya riƙe ta.

Gashi na uku

Ranar Lahadi bayan la'asar muka gasa na uku, komai a kan sikeli, da botar gaske da kwanona. Kek ɗin kansa ya yi kyau: laushi, danshi, layin kirfa ya fito a tsakiya kamar an ja da alƙalami. Amma gindi ya yi duhu fiye da kima, ɓarɓashin kuma rabinsa ya narke ya haɗe. Ya fi na baya nesa ba kusa ba, sai dai ba shi ne na Disamba ba.

Ma'aunin zafin da na zo da shi ya nuna digiri 39 a kicin ɗin kafin ma a kunna oben. Bota tana narkewa tsakanin digiri 32 zuwa 35. An ɗauke wuta tun safe, firij ya huce, kuma kafin in gama murza botar cikin fulawa da yatsuna ta riga ta koma mai. Hanyar da takardar ta bayar ta dogara ne ga ƙananan gutsattsarin bota masu sanyi da fulawa ta lulluɓe, su shiga wuta da taurinsu, fulawar ta gasu ta kama siffa kafin su gama narkewa. A Sinsinati, ko a Kano cikin hunturu, wannan ba ya buƙatar dabara. A Kano cikin bazara yaƙi ne da rana.

Muna tsaye muna jimami surukar ƙanwata ta leƙo. Ta gutsiri gefen da ɓarɓashin bai narke ba, ta tauna, ta ce, "Ke 'yar nan, wannan wahalar duk ta mece ce? Ai gireba ce kuka marmasa a kan kek." Ƙanwata ta ce, "Hajiya, ba gireba ba ce, na Turawa ne." Ta ce, "To, ku dai kuka sani," ta yi gaba abinta.

Ni kuwa maganar ta tsaya min. Gireba fulawa ce da sukari da mai, babu ruwa, daidai da abin da ke cikin ɓarɓashin nan. Kuma da man gyaɗa ake yin ta, mai ruwa tsululu, a kowane irin zafi, ba a taɓa jin mai gireba tana neman firij ba. Abin da ke riƙe ta yawan fulawa ne a kan mai. A takardar Anti fulawar ɓarɓashi giram 95 ce, bota 85, sukari 150: kusan kai da kai da mai, ga sukari ya rinjaye su, shi kuma sukari narkewa yake a wuta. A gashin farko ma, da aka auna da gwangwani, man ya fi fulawar yawa. Su kansu Amurkawa suna da wannan hanya ta biyu. Nau'in da aka san Niyok da shi, mai manyan dunƙulen ɓarɓashi, da narkakkiyar bota ake haɗa shi, fulawa kuma ta kusa ninka botar. Ba sabon abu muka ƙirƙiro ba, Hajiya ce dai ta nuna mana ƙofar da ke buɗe.

Sabon haɗin ya zama bota giram 85 a narke ta huce, fulawa 150, mazarƙwaila 50, farin sukari 50, kirfa cokali 2, ɗan gishiri. A juya har ya zama dunƙule kamar kwaɓin gireba, a danne shi a kwano a bar shi ya huta, sannan a ɓantare da yatsa kamar girman gyaɗa zuwa gurjiya. Soyayyen man shanu ma zai yi a nan, in dai ba wanda aka soya da albasa ba ne.

Oben

Oben ɗinta na gas ne, wutarsa a ƙasa take, maɓallinsa babu lamba sai alamar babbar wuta da ƙarama. Na rataya ma'aunin zafi a ciki. Inda take ajiye maɓallin tana ce masa matsakaici, bayan minti 15 ya kai digiri 215. Da muka tambayi Anti a waya ta ce ita a Disamba can ƙasa ta mayar da wutar, ta kuma ɗora kwanon a wayar sama, abin da bai zo mata a rai ta rubuta ba. Muka nemo inda zafin ke tsayawa a 175, ƙanwata ta ɗiga jan farce a wurin. Muka zuba gishiri a tire muka sa a wayar ƙasa don ya tare harshen wutar. Dabarar masu gashi da tukunya da yashi ce, ba wani abu ba. Su kuma masu tukunyar, wannan kek sai sun ɗora garwashi a kan murfi a mintocin ƙarshe, in ba haka ba ɓarɓashin zai turaru ne maimakon ya gasu.

Gashi na huɗu

Na kwana a gidan. Da daddare muka tsane kindirmo, muka haɗa ɓarɓashi muka rufe, muka sa bota da ƙwai a kula da ƙanƙarar da muka saya a bakin titi. Bayan sallar asuba ma'auni yana nuna digiri 27, kuma wannan shi ne mafi sanyin da ranar za ta bayar.

Ɓarɓashi ya huta da neman sanyi, amma kwaɓi bai huta ba. Bugun bota da sukari shi ke cusa ƙananan kumfa a ciki, kuma hodar tashi ba ta ƙirƙirar kumfa, waɗanda ta tarar take hurawa. Bota tana riƙe iska ne in tana wajen digiri 18 zuwa 20, ta yi laushin da yatsa zai lotsa ta amma ba ta ƙyalli. Muka ɗora kwanon bugun a cikin roba mai ruwan ƙanƙara. Bota 113 da sukari 200, bugu minti huɗu har ya yi fari. Ƙwai ɗaya bayan ɗaya. Sai gari kashi uku, kindirmo kashi biyu, ana saɓawa, da gari aka fara da shi aka rufe. Kwaɓin ya yi kaurin da sai an shafa shi da bayan cokali, ba ya zuba da kansa. Ƙanwata ta ce, "Yaya, anya bai yi tauri ba? In ƙara madara?" Na ce ta ajiye madarar nan, kaurin shi ne zai ɗauki kayan da za a ɗora masa.

Rabi a kwanon da aka shafa wa mai aka shimfiɗa wa takarda, sai garin tsakiya, an bar ɗan gefe don kada mazarƙwaila ta taɓa ƙarfe ta ƙone, sai sauran kwaɓin cokali-cokali a sama a haɗe shi a hankali, sai ɓarɓashi daga gefe zuwa tsakiya. Ba mu buɗe oben ba sai da aka yi minti 35. A minti 43 tsinken sakace ya fito da 'yan ɓurɓushi masu danshi, babu ɗanyen kwaɓi. A gwada a wuri biyu ko uku, don in tsinke ya bi ta layin kirfa zai fito a jiƙe ko da kek ya gasu. Muka bar shi minti 20 a kwanon kafin wuƙa ta taɓa shi.

Ya tashi daidai, gindi ruwan zuma, ɓarɓashi dunƙule-dunƙule yana ƙara a haƙori. Bai zama na Disamba sak ba. Mazarƙwaila ta ba shi duhu da ɗan ƙamshin hayaƙi, saman kuma bai kai wancan zaƙi ba tunda an rage sukari da kashi ɗaya cikin uku. Ni na fi son wannan, ƙanwata ta ce da za a ƙara zaƙin kaɗan da ta fi so, kuma ba mu daidaita ba. Washegari abin da ya kwana a roba mai murfi samansa ya yi laushi saboda danshin kek ɗin da mazarƙwaila ke ja. Minti biyar a oben ya dawo da shi, daga baya ta koma rufe shi da ƙyalle.

Babu wanda ya sha gahawa da shi a gidan. Maigidanta shayi ya haɗa mai citta da kanumfari, ya ci yanka biyu kafin ya fita. An kai wa Hajiya nata a faranti, ta aiko jikarta ta ce a gaya mana girebar ta yi, amma a daina ɓata ta da kek a ƙasa. Ƙanwata ta sake rubuta takardar da giram, ta ƙara layi a sama cewa in bazara ce bayan asuba ake yi, ta tura wa Anti hotonta. Anti ta ce duk mai zuwa a ba shi mazarƙwaila ya taho mata da ita. Kwanon gashina kuwa har yau yana gidan ƙanwata.